Waɗanda suka je Zanzibar: me kuka yi ban da kwanciya a bakin ruwa?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. In Allah ya kai mu hutun yara na watan Yuli, ina son in kai iyali Zanzibar, kwana takwas. Duk wanda na tambaya abu uku yake lissafa min: tsohon gari, gonar kayan ƙamshi, sai tsibirin manyan kunkuru. Ba raina su na yi ba, amma mutum ba zai biya kuɗin jirgi tun daga Kano don ya je ya miƙe ƙafa yana shan ruwan kwakwa ba. Waɗanda suka taɓa zuwa, me kuka yi da ya motsa muku jini? Ku sani dai ban iya iyo ba, ko kududdufi ban taɓa shiga ba. Uwargida ma haka.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Abban Sadiq. Kafin ka tambayi ina za ka, fara tambayar ƙarfe nawa ruwa zai dawo. Mu mutanen tudu ba mu san teku tana da lokacinta ba. Sau biyu take cika a yini da kwana, sau biyu take janyewa, kuma kullum tana yin lattin kusan minti 50 a kan na jiya. Ni da jikina na koyi wannan karatu.

Akwai wani tsibiri a kudu, Uzi. Lokacin da na je, hanyar shigarsa ta ƙasa ɗaya ce, daga wajen ƙauyen Unguja Ukuu, ta ratsa dajin itatuwan nan masu tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda suke kira mikoko, saiwoyinsu a tsaitsaye a waje kamar ƙafafun gizo-gizo. Hanyar duwatsu ce zalla, kuma sai ruwa ya janye take bayyana. Na ɗauki hayar babur na shiga da hantsi, ƙananan kaguwa na ta tserewa cikin ramukansu a gabana. Can cikin gari babu otal babu hayaniya, sai gonakin rogo, kekuna, da masu gyaran kwale-kwale a ƙarƙashin mangwaro. Wani bawan Allah ya kira ni cin abinci, shinkafa da kifi cikin romon kwakwa, hira ta yi daɗi da guntun Larabcina da guntun Turancinsa. Da na taso bayan la'asar, ina hanya? Inda na bi da safe ruwa ne shimfiɗe, sai kawunan itatuwa. A masallacinsu na yi magariba da isha'i, sai da dare ya yi nisa na bi bayan wata motar kaya muka fito. Mai babur ya caje ni kuɗin kwana biyu, ban ce uffan ba, don laifina ne.

Wani dattijo a masallacin ne ya ce min ai lissafin mai sauƙi ne ga wanda yake ƙirga wata: farkon wata da tsakiyarsa ruwa ya fi cika, ya kuma fi janyewa. Ka je Uzi, amma ka tafi da ɗan gari.

Maman Ilham:
Ɗan Kwari ka ba ni dariya, Allah ya kiyaye gaba. Abban Sadiq, saƙona na uwargida ne. Ka ce mata janyewar ruwan nan da ta tsare Ɗan Kwari ita ce garaɓasar wanda bai iya iyo ba. A Jambiani, ta gabas, in ruwa ya janye sai ki yi tafiya mai nisa cikin teku bai wuce gwiwarki ba. A nan mata suke noman ciyawar ruwa, mwani, sana'ar da ta kankama a wajen tun 1989. Na bi wasu mata biyu gonarsu da sassafe. Turaku ne a kakkafe cikin yashi, an ɗaura igiyoyi tsakaninsu, sai su zauna dirshan cikin ruwa suna ƙulla 'yan rassan ciyawar ɗaya bayan ɗaya. Bayan kamar mako shida su kwashe, su ɗauko a buhu a ka, su shanya. Aikin karya baya ne, kuɗin kuma ba ya taka kara ya karya, shi ya sa wasunsu suka koma yin sabulu da ita. Abin da ya kwantar min da hankali, da zaninsu da mayafinsu suke shiga, ni ma da doguwar riga da hijabi na shiga, ba wadda ta kalle ni sau biyu.

Ɗayarsu tana riƙe da ɗan tsinken ƙarfe tana zungurar ramukan dutse. Can sai ga ta ta zaro wata halitta mai hannuwa takwas, pweza, ta nannaɗe mata damtse. Ni na yi ihu na ja da baya, kuma a nan tsautsayin ya same ni, don silifas na saka ya zame, na taka wata ƙwallon ƙaya baƙa kamar bushiya. Ƙayoyin suka kakkarye a dugadugina. Matan ko a jikinsu, suka aiki yaro ya tsinko ɗanyar gwanda, suka tsaga ta, suka shafa min farin ruwanta da lemon tsami. Kwana uku ina ɗingishi. Ku sayi takalmin roba mai rufe ƙafa duka, har na yara, kada ku yi ganganci irin nawa.

A nan Jambiani kuma akwai kogon Kuza, ruwa garai-garai a ƙarƙashin dutse, kana hango ƙasansa. Hangen nan ne yaudarar, ya fi yadda ido yake gani zurfi. Ku tsaya a matakala ku jiƙa ƙafa.

Injiniya S.:
A Yuli iskar kudu, kusi, tana kaɗawa sosai. Ka je Paje ka koyi sululu a kan ruwa da lemar iska. Kwana uku na yi ina shan ruwan gishiri kafin na iya tsayawa a kan allon.

Hajiya Babba:
Haba Injiniya, mutum ya ce maka ko kududdufi bai taɓa shiga ba, za ka haɗa shi da lema ta ja shi cikin teku? Ɗana Abban Sadiq, ka tsaya a gaɓa ka yi kallo, kallon ma abin sha'awa ne. Kuma duk kwale-kwalen da za ku hau, ku ga rigar hana nitsewa da idonku kafin ku ba da kuɗi. Wani yaro a bakin ruwa ya rantse mana akwai su a ciki, muka hau ɗan siririn jirginsu na itace mai fukafukai biyu a gefe, ngalawa. Sai da muka yi nisa na ce ina rigunan, ya nuna min jarka biyu. Ba addu'ar da ban karanta ba ran nan.

Malam na Zariya:
Ni shawarata ka raba kwanakin, ka ba Pemba uku. Ita ce 'yar uwar Unguja, babban tsibirin Zanzibar, ita ma tsibiri ce can ta arewa, mutane ba su cika zuwa ba. Tunda lokacin iska ne, ka hau ƙaramin jirgin sama daga Unguja zuwa Chake Chake a Pemba, kamar rabin awa ne, jirgin ruwa zai wahalar da yara. Pemba tuddai ce da kwaruruka, kore shar, kuma ita ce gidan kanumfari. Su karafuu suke cewa, asalin kalmar ɗaya da tamu daga Larabci. Na je lokacin girbi, ko'ina an shanya shi a tabarmi a bakin titi, wani kore, wani ya fara ja, wani ya yi baƙi, ƙamshin har cikin mota. Na ce zan gwada hawa in tsinka, reshe na uku na sauko da girmana. Samarin can har ƙololuwa suke kaiwa da kwando a rataye.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne tsibirin Misali, ta yamma, ba mazauna sai masunta masu yada zango. Mutanen wajen suna cewa sunan daga msala ne, wato abin salla, wai Halliru ne ya zo bai sami abin shimfiɗawa ba, ya yi salla a kan tsibirin. Labarin baka ne, ban ce ya inganta ba, amma ya yi aiki: da aka so hana masunta kamun kifi da nakiya, ta bakin malamai da ayoyin hana ɓarna a ban ƙasa aka bi, kuma sun fi jin wannan a kan dokar hukuma. Na sa rigar hana nitsewa da tabarau na leƙa ruwa, hannuna ɗaya riƙe da igiyar jirgi. Subhanallah. Kifaye masu launin da ko a shagon atamfa ban gani ba, suna kai da komo tsakanin duwatsun murjani. Ni ma ba gwanin iyo ba ne, igiyar nan ban sake ta ba.

Sai Kidike, inda manyan jemagun Pemba suke kwana a bishiyoyi. Ƙirjinsu ja-ja, fuska kamar ta yanyawa, in ɗaya ya buɗe fukafukai ya haura mita ɗaya da rabi. An kusa ƙarar da su da farauta, mutanen ƙauyen ne suka tsaya suka kare su.

Ɗan Kwari:
Malam, daga Zariya ka tashi ka je kallon jemage? Allah ya ba ka haƙuri.

Malam na Zariya:
Ka ga waɗannan tukuna, namu jikokinsu ne.

Baƙon Damagaram:
Tunda Yuli ka ce, ka tambayi ranar Mwaka Kogwa a Makunduchi, can kudu maso gabashin Unguja. Bikin sabuwar shekararsu ce ta gargajiya, mai asali daga Farisa. Maza suna rabuwa gida biyu su yi ta jibgar juna da ɓawon itacen ayaba, wai a huce haushin shekara kowa ya shiga sabuwa da zuciya ɗaya, mata na zagaye fili suna waƙa, daga baya a cinna wa wata 'yar bukka wuta. Na matsa kusa don ɗaukar hoto, sai ji na yi tim a gadon bayana. Ba mai tambayar fasfo a filin nan. Wasu malaman can ba sa son bikin, kamar yadda namu suke yi da wasu al'adun, don haka kai ka san inda za ka tsaya.

A Pemba kuma ana wasa da bijimi a wasu ƙauyuka, ana cewa daga Turawan Fotugal suka gada. Ba a kashe san, kauce masa ake yi. Ban dace da lokacinsa ba, amma da na ba su labarin hawan ƙahon mahautanmu, cewa suka yi mu ne masu ganganci.

Abban Sadiq:
Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Uwargida ta karanta, ta ce gonar ciyawar ruwa da Pemba sun shiga lissafi, lemar Injiniya kuwa ko a mafarki. Maman Ilham, takalman nan a can ake samu ko in nema tun daga nan?

Maman Ilham:
Akwai a can, amma kuɗin baƙo za su faɗa maka, kuma ƙananan lambobi na wahalar samu. Na yara dai ka taho da su.