Ko ya dace ɗan sanda ya rufe fuskarsa yana bakin aiki?

Malam Habu, Marwa:
Assalamu alaikum. A makon jiya ina dawowa daga Mora bayan magariba, wasu mutum huɗu da kaki da bindigogi suka tsayar da motarmu, kowannensu ya rufe fuska da baƙin ƙyalle, idanu kaɗai ake gani, kuma babu suna ko lamba a ƙirjinsu. Suka duba takardunmu, suka karɓi jaka biyu a hannun direba, suka sallame mu. Har yau ban san ko ma'aikata ne ko zargina ne, wato 'yan fashin hanya, suka ari kayan sarki ba. Shin ya dace a bar jami'i ya ɓoye kamanninsa haka?

Alhaji Bukar, Kuseri:
Wa'alaikumus salam. Malam, a yi musu adalci. Ranar 15 ga Yuni 2015 hedikwatar 'yan sanda da makarantarsu aka kai wa harin ƙunar baƙin wake a Njamena, nan tsallaken kogi. Jami'in da ya kama ɗan Boko Haram da rana, unguwa ɗaya yake kwana da mu, 'ya'yansa suna zuwa makarantar allo, kuma idan aka gane shi iyalinsa za a fara nema.

Hajiya Zainabu, Garwa:
Alhaji, ina ganin girmanka, amma bayan wannan harin ne Chadi ta hana mata sa niƙabi, jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru ma ta bi sahu a watan Yuli, aka ce tsaro ba ya yiwuwa sai an ga fuskar kowa. Mun haƙura mun cire. To, yaya mace mai tallan ƙosai za ta buɗe fuska, mai riƙe da bindiga ya rufe tasa? Sojojin Kamaru da suka harbe mata biyu da 'ya'yansu a kusa da ƙauyen Zelevet na Arewa Mai Nisa, da fuskokinsu a rufe suke a bidiyon kisan da aka ɗauka, da wuya a kai ga ɗaurin shekara 10 da kotun soja ta yanke wa huɗu daga cikinsu a 2020.

Malam Isa, Njamena:
Ni a ganina samame daban, shingen hanya daban. Wanda aka tura maɓoyar 'yan ta'adda ya rufe fuska, ba ni da ja. Amma mai tsayar da motar haya ya nemi takardu, dole a iya gane shi. A Faransa, tun 2014 ake wajabta wa ɗan sanda da jandarma sa lamba mai alƙaluma 7 a jikin kaki. Ba ta bayyana sunansa ga maƙiyi, amma hukuma ta san mai ita. Da Malam Habu ya ga irin wannan lambar a daren nan, da ya san abin da zai rubuta a takardar ƙara.