Ƙari a hancin maigidana: mu yarda da aiki ko mu jira?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa, shawara nake nema. Maigidana shekararsa 47. Kusan wata takwas ƙofar hancinsa ta hagu a toshe, ga yawan haɓo, daga baya ko turare aka fesa ba ya ji. Aka yi ta ba shi maganin mura, har dai aka ɗauki hoton MRI aka ga ƙari can sama. An yanki kaɗan an gwada, sakamako ya ce olfaktori niyuroblastoma, Hyams II. A kati kuma likita ya rubuta Kadish B. Da na duba intanet bayanin kansar yara kawai nake gani, barci ya gagare ni. Likita ya ce aiki, sannan gashi, wato haska wurin da na'ura don kashe ƙwayoyin kansa. Shi maigidan cewa yake a dakata tunda ba ciwo yake ji ba.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Ina nan ina sauraron masana.

Wani likitan ɗakin gwaji: Hajiya, rufe wancan shafin tukuna. Niyuroblastoma ta yara yawanci daga saman ƙoda take tasowa, suna kawai ya haɗa su. Ta maigidanki tana fitowa ne daga ƙwayoyin da ke jin ƙamshi a rufin hanci, ƙarƙashin wani siririn ƙashi mai huda-huda kamar rariya wanda ya raba hanci da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa ƙamshi ya ɗauke masa. A Faransa aka fara bayyana ta a 1924, kuma ba ta da yawa: a shekara ba ta kai mutum ɗaya cikin miliyan ba. Likitoci da dama kan yi ritaya ba su taɓa ganinta ba.

Alamomin nan biyu kowace da aikinta. Kadish daga hoto ake gane shi, yana faɗin inda ƙarin ya kai. A yana cikin hanci kawai, B ya shiga kogunan ƙashin da ke kewaye da hanci, C ya wuce zuwa ido ko cikin ƙoƙon kai. Hyams kuwa mu muke ba da shi, daga I zuwa IV, bayan mun duba tsokar a madubin da ke ƙara girman ƙwayoyin jiki. A I da II ƙwayoyin na zaune dunƙule-dunƙule cikin tsari, ba sa saurin rabuwa, babu matattun wurare sosai. A III da IV tsarin ya wargaje, cutar ta fi zafi. Nasa na ɓangaren mai sauƙi.

Abu ɗaya zan so ku tambaya: an yi wa tsokar gwajin rini na musamman? A madubi tana kama da wasu kansoshin hanci, irin su limfoma da melanoma, maganinsu kuma daban ne. A nemi kalmomin sinaftofaisin, kuromogiranin da S100 a takardar sakamakon, su ne abubuwan da rinin ke nema a tsokar.

Mai tambaya: Na duba, likita, duk ukun suna nan. To batun jira fa?

Likitan: Tsakanin B da C wannan siririn ƙashin ne kawai. Rashin ciwo ba shaida ba ce, wannan ƙarin a shiru yake girma. Yanzu sau da yawa ta cikin hanci ake ciro shi da na'ura mai kyamara ba tare da an tsaga fuska ba, amma likitansa ne zai yanke hukunci da hoton a gabansa. Ku tambaye shi kuma ko ƙamshin zai dawo, don sau da yawa ba ya dawowa.

Wata 'yar'uwa: Yayana ya yi wannan. An yi aiki, an yi gashi, ya warware sarai, sai ya daina zuwa asibiti. Shekara bakwai bayan nan kaluluwa ta fito masa a wuya, ashe ita ce ta dawo. An sake yi masa aiki, yana nan da ransa. Halinta ke nan, tana iya komowa ko bayan shekara goma. Ki riƙe katin nan da kyau, duk ranar da aka ce ya koma a yi hoto, ki tasa shi gaba.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na karanta masa bayanin ƙashin rariyar nan, ya yi shiru, sai ya ce in kira likitan gobe da safe.