A cire haddar shekaru daga kwas ɗin tarihi na intanet?

Sani: Assalamu alaikum. Ga wata magana da na san ba za ta yi wa wasunku daɗi ba. An ba ni aikin tsara kwas ɗin tarihi na intanet, na mako goma sha biyu, don yara 'yan shekara 11 zuwa 14. Na yanke shawarar ba zan sa haddar shekara ko ɗaya a ciki ba. Yaron da ke zaune gaban kwamfuta, kafin ka ƙifta ido ya nemo cewa a 1914 aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya. To don me zan cinye masa lokaci kan abin da na'ura ta riƙe masa? Abin da na'urar ba za ta yi masa ba shi ne ta sa shi ya tambayi wa ya rubuta labarin, yaushe, kuma me yake nema da rubutun. Nan zan zuba duk ƙarfin kwas ɗin. Duk mako takardun asali, wato waɗanda aka rubuta a zamanin da abin ya faru, biyu ko uku, tambaya ɗaya, yaro ya kawo hujja.

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Sani, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Shekarata ashirin da ɗoriya ina koyar da waɗannan yaran. Akwai wanda ya taɓa rubuta mini, da kyakkyawan rubutu kuwa, cewa yarjejeniyar Basai (Versailles) ce ta fusata Jamus ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hujjarsa a jere, ya ma ciro magana daga takardar. Matsalar ɗaya ce tak: a 1919 aka sa hannu a yarjejeniyar, bayan yaƙin ya ƙare. Yaron nan bai rasa basira ba. Abin da ya rasa shi ne sanin me ya riga me. Ka ce zai bincika? Wanda bai san ya ɓata ba, ai ba ya tambayar hanya.

Malama Hadiza: Malam, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin Sani bai tashi a banza ba. A 1991 wani masanin ilimi, Sam Wineburg, ya wallafa wani bincike. Ya ba masana tarihi takwas da ɗaliban sakandare takwas masu ƙwazo takardu iri ɗaya kan faɗan Lexington na 1775 a Amurka, ya ce su riƙa faɗin abin da ke ransu a fili suna karantawa. Masanan, kafin su karanta jimlar farko, sai idonsu ya gangara ƙasan takarda su ga wa ya rubuta da kuma ranar. Ɗaliban kuwa daga sama suke farawa su zarce, kuma littafin makaranta suka fi amincewa da shi. Wasu cikin masanan ma ba tarihin Amurka ne fanninsu ba, amma duk da haka sun san yadda ake tuhumar takarda. Wannan ɗabi'ar ba ta zuwa daga hadda. Koyar da ita ake yi da gangan, kuma yawancinmu ba ma yi.

Malam Bala: Na ji, Malama. Amma ki lura da abin da kika faɗa da bakinki: sun duba ranar. Idan ka ga 1775 kuma ba ka san me ke faruwa a duniya a lokacin ba, ganin ranar bai ƙare ka da komai ba. Lamba ce kawai, kamar lambar mota.

Zainab: Ni ba tarihi nake koyarwa ba, karatu da fahimta ne fannina, amma bari in sa baki. Akwai binciken Recht da Leslie na 1988, kuma da yara masu irin wannan shekarun aka yi shi, su 64. An ba su labarin wani wasan besbol su karanta, sannan su maimaita abin da ya faru. Yaran da karatunsu ke da rauni amma sun san wasan, sun fi waɗanda suka ƙware a karatu amma ba su san wasan ba. Ma'ana, abin da ka riga ka sani shi ke buɗe maka abin da kake karantawa. Yaya Sani, in ka miƙa wa ɗan shekara goma sha biyu wasiƙar da aka rubuta shekara ɗari da suka wuce, ba wanda ya shimfiɗa masa labarin, kuma ba malami kusa da zai ga ya yamutsa fuska, rufe shafin zai yi. A aji kana ganin wanda ya ɓace. A intanet sai dai ka ga bai dawo ba.

Aminu: Ni fa duk wannan bai dame ni ba, in dai bidiyon bai wuce minti shida ba. An tabbatar cewa bayan minti shida ƙwaƙwalwa ba ta ƙara ɗaukar komai.

Malama Hadiza: Aminu, a'a, ba haka aka ce ba. Maganar minti shida ta fito ne daga binciken Philip Guo da abokan aikinsa na 2014, inda suka duba kallon bidiyo kusan sau miliyan 6.9 a dandalin karatu ta intanet na edX. Kwasa-kwasan matakin jami'a ne, kuma abin da suka auna shi ne tsawon lokacin da mutum ya bar bidiyon yana tafiya, ba abin da ya fahimta ba. Gajarta bidiyo abu ne mai kyau, ban musa ba. Sai dai na ga inda aka yanyanka musabbabin yaƙin 1914 gida takwas don kada a wuce minti shida, yara suka fito da labarai takwas da ba su san suna da alaƙa ba. Gavrilo Princip ya harbe Franz Ferdinand, magajin sarautar Austiriya, a Sarayebo ranar 28 ga Yuni, Austiriya ta ayyana yaƙi kan Sabiya ranar 28 ga Yuli. Wannan wata gudan da ke tsakani shi ne darasin, kuma shi ne ya faɗa ramin da ke tsakanin bidiyo na uku da na huɗu.

Sani: To bari in faɗi abin da ke cina a rai, don kamar ana ɗauka gaba nake da sani. A 2020, da aka rufe makarantu, na taimaka wa wata makaranta ta mayar da darussanta intanet. Manhajar da muka yi amfani da ita tana iya duba tambayoyin zaɓi-ɗaya da kanta, ba ta iya duba rubutu. Kun san abin da ya faru? Cikin wata biyu duk gwajin tarihi ya koma “a wace shekara” da “wane ne”, don su ne ba sa cin lokacin kowa. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar haka, sauƙi ne ya ja mu. Shi ya sa nake son in toshe ƙofar tun farko. In na bar shekarun hadda guda goma, wanda zai gaji kwas ɗin zai mayar da su ɗari, ya share tambayar rubutu.

Rukayya: Ni uwa ce, ba malama ba, ku yi mini afuwa. Abin da Malam Sani ya faɗa na gan shi da idona. Ɗana yakan buɗe gwajin a shafi ɗaya, Google a ɗayan, ya ci goma bisa goma. Washegari na tambaye shi a kan me aka yi gwajin, ya ce “wani sarki ne.” Amma kuma ranar da aka ba su wata doguwar takarda aka ce su faɗi ra'ayinsu, kuka ya sa mini. Don haka ni ban san gefen da zan bi ba.

Malama Hadiza: Maman yaro, duka biyun laifin tsari ne, ba na ɗanki ba. Sani, bari in nuna maka darasi ɗaya da nake yi, ka gaya mini inda za ka cire shekarun. Tambayar ita ce: ta yaya muka san Mansa Musa na Mali yana da dukiyar da ake faɗa? Ina fara ba su labarin a taƙaice, da taswira: ya tafi aikin Hajji a 1324, ya yada zango a Alƙahira zamanin Sarki an-Nasir Muhammad. Sai shaida ta farko, masanin tarihi al-Umari, wanda ya ce zinariyar da aka rabar ta karya darajarta a Masar, har bayan shekara goma sha biyu ba ta farfaɗo ba. Ina tambayarsu, yana wurin? Ba ya nan. Daga baya ya bi waɗanda suka gani yana tambaya, har da jami'in da aka ɗora wa tarbar baƙon. Shaida ta biyu, taswirar Katalan ta 1375, inda aka zana sarkin a zaune da kambi, riƙe da zinariya. A tsibirin Mayorka aka yi ta, shekara hamsin da ɗaya bayan tafiyar, sarkin ya daɗe da rasuwa. Ta uku, matafiyi Ibn Battuta, wanda ya taka ƙasar Mali da ƙafarsa a 1352, amma Mansa Sulaiman, ɗan'uwan Mansa Musa, ya tarar, har ya yi ƙorafin rowarsa. A allon kwamfuta, yaro yana jan kowace shaida da yatsa ya ajiye ta a kan layin lokaci. Da ya ga tazarar da ke tsakanin 1324 da 1375 da idonsa, shi da kansa yake cewa, “Malama, ashe mai zanen bai taɓa ganinsa ba.” Wata yarinya ta taɓa rubuta mini cewa mai taswirar jita-jita ya zana. Na ba ta cikakken maki. Shekaru uku ne a darasin nan, kuma in ka zare su, hujjar ta rushe.

Sani: Amma Malama, ai ba haddacewa suka yi ba. Suna ganin shekarun a gabansu.

Zainab: A makon farko, e. A mako na bakwai fa, in ka kawo musu daular Songhai, kana son su tuna Mali ta riga ta ba tare da sun koma baya sun duba ba. Masu bincike Roediger da Karpicke sun nuna a 2006 cewa waɗanda aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi masu maimaita karatu riƙewa bayan mako guda, ko da yake bayan minti biyar masu maimaitawar ne a gaba. Kuma wannan ne aikin da manhaja ta fi mutum iyawa. Tambaya uku a farkon kowane darasi, ba maki, daga makonnin baya, a ce wanne ya riga wanne. Ba maki, ba dalilin buɗe Google.

Aminu: Yaro in ya ji ba maki ai tsallakewa zai yi.

Zainab: Sai a kulle darasin har sai ya amsa, ko daidai ko kuskure. Moodle, manhajar koyarwa ta intanet, ma yana yin haka.

Sani: To, na sassauto, amma ba duka ba. Zan yarda da shekaru ƙalilan, kuma kowace sai ta nuna mini tambayar da ba za a iya amsawa ba in babu ita. Haka masana tsara darussa Wiggins da McTighe suka tsara tun 1998: ka fara da abin da kake son yaro ya iya a ƙarshe, sannan ka dawo baya ka zaɓi kayan aiki. Shekara goma sha biyu, ɗaya duk mako. A jarrabawar ƙarshe kuma ba za a tambayi ko ɗaya kai tsaye ba.

Malam Bala: Sha biyu ta yi kaɗan. Darasin Malama Hadiza kaɗai ya ci uku. Ni talatin nake ba nawa, kuma ba wanda ya suma. Sannan ka ce jarrabawar ƙarshe rubutu ce zalla. Yara nawa za su shiga kwas ɗin?

Sani: An ce mini wajen ɗari huɗu.

Malam Bala: Malamai nawa?

Sani: Biyu, Malam.

Malama Hadiza: Mutum ɗaya rubutu ɗari biyu ke nan duk mako. Ko minti uku-uku ka ba kowanne, awa goma ce. Sani, kafin ku gama cinikin sha biyu da talatin, koma ka tambaye su ko za su ƙara malami, ko kuma rubutun ya koma sau ɗaya a mako uku. Turo mini jadawalin makonnin in duba inda zai shiga.