Me ya zubar da ɗafa-ƙeyar Tsohon Turanci?

Assalamu alaikum malamai. Kwana uku ke nan aikin makarantata ya cije a wuri guda.

Na gane cewa bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada, shi ya sa saniya a makiyaya take cow, namanta a gaban sarki kuma beef. Wannan ya zauna mini.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne ɗafa-ƙeya, wato ƙarin da ake liƙa wa ƙarshen kalma. Tsohon Turanci cike yake da ita, kowane suna da jinsinsa, amma zuwa ƙarshen ƙarni na 14 yawancinta ta zube. Normandawa ne sanadi, ko cuɗanya da Vikings, maharan da suka zo daga Scandinavia suka zauna a arewacin ƙasar, waɗanda suka bar wa Turanci kalmomin they da them? Don Allah a warware mini.