Me ya sa manoman inabi na Jura suke barin giya shekara shida a gangar katako?

Ɗalibar Noma ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina karatun tattalin arzikin noma, kuma an ba mu aikin nazarin yadda ƙananan gonakin iyali a Turai suke tsayawa da ƙafafunsu alhali manyan kamfanoni sun fi su fili da jari. Rabona ya faɗa kan gonakin inabi na yankin Jura da ke gabashin Faransa, kusa da iyakar Suwizalan. Hukuncin giya a addinina sananne ne gare ni, kuma ba a kansa nake tambaya ba. Sana'ar nake son in fahimta. An ce suna da wata giya mai launin rawaya da ake bari fiye da shekara shida a gangar katako kafin a sayar. Me ganga take yi mata wanda tankin ƙarfe ba zai yi ba? Kuma ta yaya iyalin da gonarsu ba ta wuce 'yan kadada ba suke jure jiran kuɗin amfanin gona na tsawon wannan lokaci?

Malamin Kimiyya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tambayarki ta farko ita ce iska. Tankin ƙarfe a toshe yake ruf, amma katako yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda iska take ratsawa kaɗan-kaɗan ta shiga, ruwa kuma yake bi ya fita a matsayin tururi. Wannan 'yar iskar ce take rage baurin da ke fitowa daga ɓawon inabi da ƙwayarsa, ta kuma zaunar da launi. Sai dai idan ta yi yawa, ƙwayoyin halitta masu son iska za su mayar da abin ruwan khal, shi ya sa a sauran yankunan inabi na Faransa irin su Bordo, inda ganga take cin lita 225, da Burgundi, inda take cin lita 228, manomi yakan bi gangunansa a kai a kai yana cike giɓin da tururi ya bari.

Mutanen Jura sun saɓa wa wannan ƙa'ida da gangan. Suna matse inabin da ake kira Savagnin, wanda sukan bari ya nuna sosai kafin su tsinka, su zuba a ganga, sannan su daina cikawa. Da ruwan ya fara ja da baya, sai wani irin yis ya taso ya shimfiɗu a samansa, kamar yanar da ke kwanciya a kan madarar da aka tafasa. Yanar nan tana tare yawancin iskar, kuma a ƙarƙashinta ake samun wani sinadari mai suna sotolon, wanda shi ne yake ba hulba ƙamshinta, don haka wanda ya san hulba ya riga ya san rabin ƙamshin wannan giya. Ana barinta haka shekara shida da wata uku, kuma daga kowace lita ɗaya abin da yake saura kusan sentilita 62 ne. Kwalbar da ake zuba ta, wadda ake kira clavelin, daidai wannan adadi take ci.

Abin lura shi ne, masanin kimiyyar nan na Faransa Louis Pasteur a garin Arbois na wannan yanki ya girma, yana kuma da gonar inabi a can, kuma nazarinsa kan cututtukan giya, wanda ya wallafa a 1866, yana cikin ayyukan da suka fayyace rawar da iska da ƙwayoyin halitta suke takawa a cikin ganga.

Mazaunin Besançon ya amsa:

'Yar'uwa, Malam ya gama da ɓangaren kimiyya, bari in taɓa na kuɗi, domin ina zaune kusa da yankin. Babu iyalin da suka dogara da giyar rawaya kaɗai. Kaso kaɗan ce daga abin da Jura take samarwa. Gida ɗaya yakan noma farin inabi na Chardonnay da jajayen inabi irin su Poulsard da Trousseau, ya kuma yi giya mai kumfa da ake kira Crémant du Jura, waɗanda ake sayarwa bayan shekara ɗaya ko biyu. Da kuɗin waɗannan ake biyan ma'aikata da bashin banki, ita kuwa rawayar ajiya ce. Idan gida yana zuba ganguna kowace shekara, to bayan an wuce shekaru shidan farko kowace shekara akwai abin fitarwa, kuma galibi wahalar shekarun farkon kakanni ne suka sha ta. Wannan, a ganina, shi ne ainihin abin da ya kamata ki rubuta: matashin da ya gaji gona ya gaji ɗakin ajiya cike da ganguna, shi kuwa baƙon da ya sayi fili yau sai ya fara ƙirga daga ɗaya.

Kada kuma ki ɗauka kowace ganga tana kai labari. Ana ɗibar samfuri lokaci zuwa lokaci a kai ɗakin gwaji, kuma wadda yanarta ta mutu ko tsaminta ya haura sai a cire ta a gauraya da wata giyar mai arha. A ƙauyen Château-Chalon tsananin ya fi haka, domin ana zagaya gonaki kafin girbi, kuma idan inabin bai kai ba sai a haƙura da sayar da giya da sunan ƙauyen a wannan shekara baki ɗaya, kamar yadda aka yi a 1974 da 1980 da 1984 da 2001. Ga kuma sanyin ƙanƙara da ke ƙone sabon toho, irin wanda ya yi mummunar ɓarna a watan Afrilun 2021. Waɗanda ba su da ƙarfin ajiya sukan kai inabinsu ƙungiyar haɗin gwiwa, kamar ta Arbois da aka kafa a 1906.

Tsohon Ma'aikacin Gandun Daji ya amsa:

'Yata, ina so in ƙara wani abu kan ita kanta gangar, domin mutane sukan ɗauka sabuwa ta fi daraja a ko'ina. A manyan gidajen Bordo haka ne, saboda sabon katakon itacen ok yana ba giya ƙamshin banila da na hayaƙi. A Jura kuwa tsofaffin ganguna ake nema, waɗanda katakonsu ya riga ya zubar da ƙamshinsa, kuma hakan yana rage wa ƙaramin manomi kashe kuɗi ƙwarai.

Tsadar sabuwar tana da dalili. Itacen da ake sara a dazuzzuka irin su Tronçais, wanda Colbert, ministan sarkin Faransa, ya tsara kula da shi a 1670 domin katakon jiragen ruwa, yakan haura shekara 150. Ba a yanka shi da zarto. Tsaga shi ake yi ana bin jijiya don kada ya yi yoyo, kuma da yawa daga gungumen yakan tafi a banza. Sai a jera fallayen a fili shekara biyu zuwa uku ruwa da rana suna dukansu har ɗacin ya fita, sannan masassaƙi ya lanƙwasa su a kan wuta ya ɗaure da zoben ƙarfe, ba ƙusa ba gam.

Ɗalibar Noma ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba da malamai, Allah ya ƙara ilimi. Saura abu ɗaya: tunda tana da kasuwa, me ya hana su faɗaɗa gonakin?

Mazaunin Besançon ya amsa:

Sun taɓa faɗi, 'yar'uwa. A ƙarni na 19 gonakin inabin Jura sun kai kusan kadada 20,000, sai ƙwaron filoksera da ya shigo Faransa daga Amurka a shekarun 1860 ya cinye saiwoyi, har aka koma yi wa inabin Faransa aure da gindin na Amurka, kamar yadda ake yi wa mangwaro. Yau abin da ake nomawa kusan kadada 2,000 ne. Tun 1936, lokacin da Arbois ta shiga sahun farko na yankunan da doka ta kare sunansu, an shata iyakar filin da zai iya ɗaukar sunan, an kuma ƙayyade irin inabin da yawan abin da za a girbe a kowace kadada. Wanda ya shuka a wajen iyakar zai iya sayar da giyarsa, amma ba da sunan Arbois ko Château-Chalon ba.