Gashi yana goge alƙiblar da murji ya bari a ƙarfe mai kobal?

Ɗalibi: Salamu alaikum. Jiya a ɗakin gwaji wani ya kafe cewa in aka murza fallen ƙarfe mai kobal a sanyi (wato aka matse shi a inji ya yi siriri), sannan aka gasa shi a tanderu, ƙwayoyin cikinsa, wato ƙananan gutsattsarin da suka haɗu suka yi jikin ƙarfen, watsewa suke yi, kowacce ta fuskanci inda ta ga dama. Ni dai zancen bai kwanta mini ba.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Ni da shi nake. Gashi ai sababbin ƙwayoyi yake tsirarwa, tsofaffin da murji ya miƙar kamar zare sun tafi. Me ya rage kuma?

Malama: Injiniya, sababbin ba daga sama suke faɗowa ba, daga cikin tsofaffin suke tsirowa, kuma suna gado. Murji yana barin jeri biyu: ƙwayoyin da layinsu na 110 ke bin hanyar murjin, da waɗanda fuskarsu ta 111 ke kwance da fallen (110 da 111 lambobi ne na layi da fuska a tsarin atam na cikin ƙwaya). Gashi yakan raunana na farko, na biyun kuwa yana nan, wani lokaci har ƙaruwa yake. Alƙiblar sauyawa take, ba goguwa take ba.

Injiniya: To na ji, Malama. Amma a Permendur, haɗin ƙarfe kashi 49 cikin ɗari, kobal 49, banadiyam 2, maganaɗisu kusan bai damu da inda ƙwaya ta fuskanta ba. Wannan ba ƙarfen silikon na taransifoma ba ne, wanda masanin ƙarfe Norman Goss ya jera wa ƙwayoyi.

Malama: Nan ka yi gaskiya, amma a rabi da rabi kaɗai. Sauko zuwa kobal 27 ka gani, can alƙibla tana da tasiri sosai.

Mai kula da tanderu: Ku gafarce ni, kun bar zafin digiri 730 na Selshiyos a baya. Ƙasa da wannan digiri, atam ɗin ƙarfe da na kobal layi suke shiga bi da bi, ƙarfen ya yi gautsi. Shi ya sa ake tsoma shi a ruwan sanyi kafin murji, shi ya sa kuma aka ƙara masa banadiyam tun 1932. Na taɓa lanƙwasa fallen da ya huce a hankali, ƙas! ya karye a hannuna kamar tangaran.

Ɗalibi: Baba, wato wannan jerin na atam yana taɓa tsirowar ƙwayoyin ma?

Mai kula da tanderu: Ƙwarai, yana jan ta baya, ɗana. Mu dai sama da 730 muke gasawa cikin busasshen haidirojin, ba ma kaiwa 900. Fallen cikin janaretan jirgin sama da ke juyawa da gudu, zafi kaɗan, don ƙwayoyi su tsaya ƙanana, ya yi ƙwari.

Injiniya: Har yanzu ina ganin a Permendur girman ƙwaya ya fi alƙibla muhimmanci.

Malama: Wannan wata muhawara ce daban. Ɗalibi, yanko falle biyu, gasasshe da ɗanye, ka kawo mu haska su da eksire ranar Litinin.