Tawagar likitocin haƙori za ta tafi aikin bishara: me masu shiri za su tanada?

Ladi: Salama, 'yan'uwa cikin Almasihu. Ikilisiyarmu za ta tura ƙaramar tawagar likitocin haƙori aikin bishara na mako guda a wata ƙasa, kuma ni aka ɗora wa shirye-shirye. Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce. Waɗanda suka saba, da me zan fara?

Dakta Ishaya: Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Ki fara da takardu tun kafin a sayi tikiti. Lasisin likita na ƙasarsa ba ya ba shi damar taɓa bakin kowa a wata ƙasa, sai ya samu izinin wucin gadi daga hukumar da ke rajistar likitoci a can, kuma abin yakan ci watanni. Sai maganin da za ku ɗauka. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya kan kyautar magunguna ita ce ya zamana saura aƙalla shekara guda wa'adin magani ya ƙare a ranar da ya shiga ƙasar. Masu kirki za su kawo miki ragowar kwalaye daga ɗakin ajiyarsu. Ki yi godiya, ki duba kwanan wata. Kowace jaka ta samu jerin abin da ke cikinta da wasiƙar gayyata daga masu masauki, don 'yan kwastan.

Mama Rifkatu: Ladi, 'yata, ni nas ce, kuma abin da zan roƙe ki shi ne teburin tsabtace kayan aiki. Kowa yana son ya tsaya kusa da likita a ɗauke shi hoto, ba mai son wanke awartaki mai jini a bayan ɗaki. To amma in teburin nan ya tsaya, likita ma ya tsaya. Ki ware mutum biyu masu natsuwa, aikinsu ke nan daga safe har a tashi. Kayan su bi hanya ɗaya: masu datti su shigo ta wannan gefe, a goge su da buroshi cikin safar hannu mai kauri, a ɗauraye, a shiga da su tukunyar tururi, su fita ta ɗaya gefen. Kada su taɓa komawa baya. Inda babu injin asibiti, tukunyar girki mai matse tururi tana yin aikin, muddin ta kai digiri 121 a ma'aunin Celsius ta tsaya a nan kamar minti 30, kuma lissafin yana farawa ne daga lokacin da matsin ya cika, ba daga sa'ad da aka ɗora ta a wuta ba. Tafasawa kawai a ruwa ba ta kashe komai da komai. Ki sayi tef ɗin nan mai sauya launi in zafi ya kai, a liƙa a kowane ƙunshi. Kuma tun da kafin kaya su dahu su huce ana ɗaukar lokaci, ki tambayi likitoci saiti nawa kowannensu ke buƙata don kada ya zauna yana jira.

Ladi: Na gode, Mama. Su masu wankin ma sai sun yi rigakafi?

Mama Rifkatu: Su ne ma kan gaba, don su ma allura tana iya sukarsu. Rigakafin ciwon hanta nau'in B allura uku ce cikin wata shida, ki ga ke nan ba abin bari sai an kusa tafiya ba ne. A tafi da maganin kariya daga HIV na bayan haɗari, wanda dole a fara sha cikin awa 72, da kwalin zuba allurai da allura ba ta iya huda shi.

Baba Yohanna: Nawa gajere ne. Ki tambayi ƙarfin wutar ƙasar. Injin da aka ƙera don wuta mai ƙarfin volt 110 in aka jona shi a mai 230 ya ƙone nan take. Fitilar goshi ga kowane likita, batiran litiyam na ajiya kuma a jakar hannu, jirgi ba ya yarda a sa su a kayan awo.

Dakta Saratu: Baba ya yi gaskiya, shi ya sa nake ba da shawarar a rage dogaro da inji. Akwai hanyar ciko da aka fara a Tanzaniya a shekarun 1980, ana kankare ruɓar haƙori da kayan hannu a cike da simintin gilas ayonoma, ba wuta ba injin huda. Akwai kuma ruwan silba dayamin fulorayid da ake shafawa ya tsayar da ruɓa. Simintin da ruwan, dukansu biyu Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka su a jerin muhimman magunguna a 2021. Sai dai na biyun yana baƙanta wurin da aka shafa, don haka tafinta ya yi wa iyaye bayani kafin a taɓa yaro. Ba na jin daɗin rahoton da ba abin da yake ƙirgawa sai haƙoran da aka cire.

Dakta Ishaya: Dakta, ban ƙi ba, amma wanda ya shekara da kumburi cirewa ce sauƙinsa.

Dakta Saratu: Haka ne, to wa zai duba shi bayan kun tashi? Wani lokaci ramin haƙori yakan tashi da zafi mai tsanani kwana uku zuwa biyar bayan cirewa. Ladi, ki nemo ma'aikacin lafiya na wurin tun yanzu, ya yi aiki tare da ku, a bar masa katin kowane majinyaci. Cirewa mai wuya a yi ta a farkon mako.

Fasto Bitrus: Ɗiyata, ki gaya wa masu raba kati cewa ba a sharɗanta wa kowa sauraron wa'azi kafin a duba shi. Mai son addu'a a yi masa, wanda bai so ba a yi masa magani da fara'a. Ikilisiyar da ta gayyace ku ita ta san mutanenta, ku bar mata tsara layi.

Ladi: Ubangiji ya sāka muku. Gobe zan rubuta wa masu masauki kan izinin likitoci da ma'aikacin lafiyar. Mama, tukunya ɗaya za ta isa likita uku?

Mama Rifkatu: Ki nemi biyu, ɗaya na kan wuta ɗaya na hucewa. Ki haɗa da robar murfi ta ajiya.